Ragon da Malam Ya Fara Yankawa

Malam ya rasu bara, bayan ɗaukewar ruwa. 'Ya'yana sun ce in riƙa rubuta abin da na tuna, ko zaman shiru zai ragu. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abu yadda ya faru kawai. Malam mijina ne. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba.

A Kaura Namoda muka zauna, bayan tashar jirgi, lokacin da jirgi ke zuwa da gaske. Aikinsa awon kaya a sikeli. Mutum ne mai haƙuri, amma ba ya iya kallon jini. Ko kaza za a yanka, sai ya tuna akwai mai jiransa a tasha. Muddin mahaifinsa na da rai wannan bai dami kowa ba, domin tsohon ke yanka ragon layya da wuƙarsa ta maƙera. Da tsohon ya rasu, wan Malam ya ɗauki wuƙar ya tafi da ita Zurmi. Mu aka bar mana Inna, mahaifiyarsu, wadda bakinta bai taɓa bukatar wasawa ba.

Da Babbar Salla ta matso, aka ɗaure rago a tsakar gida. Inna ta dubi ragon, ta dubi ɗanta.

"Bana wa za ya yanka muna?"

"Ni mana, Inna."

"Kai?" Ta juyo wajena. "Ɗiyata, ranar Salla ki aje tabarma kusa, da ruwan sanyi. Ba don rago ba."

Ta ce a kira mahauci, ko a aika wa wansa ya zo in ya gama nasa. Malam ya ce shi ne maigida yanzu, kuma da hannunsa zai yanka ragonsa a gabanta. Kafin kwana biyu maganar ta kai tasha. Masu dako suka riƙa gaishe shi da "Allah ya kai mu, Malam," suna danne dariya.

Shi kuwa ya zauna ya yi nazari, ya gano laifin ba nasa ba ne. Ya ce mini, "Duk matsalar wuƙa ce. In wuƙa ta ƙwarai ce, kafin ido ya ga jini an gama."

Wuƙaƙena na girki ba su cikin lissafinsa. Irin na kamfani ne masu araha, masu ƙotar roba ja ko kore, ƙanwata da ke aure a Shinkafi take sayo mini ranar kasuwa. Mukan ce musu 'yan roba. Halinsu kowa ya sani. Ka goga ta sau biyu a bakin siminti ta yi kaifi kamar reza, kafin ka gama yanka kuɓewa ta manta. In ta haɗu da kabewa sai ta tanƙware, ka taka da ƙafa ta miƙe. Wata rana ƙotar ta fice, ka ɗaure da tsumma, in ta ƙi ka jefar. Ba a yi mata ta'aziyya. Malam yakan ce gwangwanin madara ne aka miƙe aka sa wa hannu.

Muna da maƙwabci Kirista, mutumin Kudu, mai duba tikiti a jirgi. Oga muke ce masa, matarsa kuma Madam, tana aiki a ɗakin shan magani. Katanga ɗaya ta raba mu, gajera, har mukan miƙa wa juna gishiri ta samanta. Wurin Oga Malam ya kai kukansa. Bayan 'yan kwanaki Oga ya sauko daga jirgi da wani abu naɗe cikin jarida.

Gaskiya wuƙar ta yi kyau. Tana da nauyi, ƙotarta baƙin katako da ƙusoshi masu ƙyalli, ga kube na fata. In ka duba jikinta kana ganin fuskarka. Ta saman katanga na ji Oga na cewa, "Malam, ƙarfen Jamus ne. Ba ta tsatsa, ba ta mutuwa. Jikanka zai gaje ta." Malam bai faɗa mini kuɗinta ba. Na dai lura tsiren da yake shigowa da shi da yamma ya ɗauke, zancen atamfar Sallata kuma ya yi shiru.

Na ce in gwada ta da albasa. Ya ɓoye ta bayansa.

"Albasa? Ki ɓata mata baki?"

To amma a wurinmu ba a nuna wa namiji wuƙa ya yaba da ido. Sai ya karɓa ya gwada, kuma ba ka hana baƙo. Malam ya fara da gashin hannunsa, ta aske shi tas. Da hannun hagu ya ƙare ya koma na dama. Cikin mako guda rabin ma'aikatan tasha suna yawo da fili a damtse. Aka yanka takarda a iska. Aka yanka igiyar buhu, aka yanka rake, aka yanka tsohuwar tayar keke. Mai injin niƙa ya kawo bel. Kullum da la'asar zaurenmu cike, ina jiyo "Kai! Kai! Kai!" daga madafa.

Sai wani direba mutumin Banga ya ce shi ya ji wuƙar Jamus ta gaskiya tana sare ƙusa, in ba ta sare ba to jabu ce. Oga ya ji haushi. Aka kawo ƙusa. Ba ta sare ta ba, amma ta yi mata giɓi, aka yi kabbara. Wanda bai gani da kyau ba ya ce a sake. Aka sake. Albasata dai ba a yarda ba.

Ranar jajibere da rana, unguwa duk ƙarar wasa wuƙa kake ji. Inna ta ce a kawo mata ta gani. Ta ɗora babban yatsa a bakinta, ta ja a hankali. Ta sake ja, ba a hankali ba.

"Wagga ko tuwo za ta yanka sai ta yi shawara."

Ta ɗauko dutsen da take wasa tata, ta zuba ruwa, ta hau gogawa yadda muke yi wa 'yan roba. Ta goga har ta yi gumi. Da ta ɗaga, dutsen ya yi kwari, wuƙar na nan yadda take. Malam ya yi murna ƙwarai.

"Kin gani, Inna? Ita ta ci dutsen!"

"Awo, na gani. Dutsen za mu yi layya da shi?"

Ya kai ta kasuwa wurin mai wasa wuƙa. Mutumin ya sa magagari, magagarin ya riƙa zamewa. Ya ce wannan ƙarfe sai dutsen inji na ma'aikatar reluwe, ita kuwa an rufe ta sai bayan Salla. Malam ya dawo yana cewa ba komai, nauyinta kaɗai ya isa. Amma bai ci abincin kirki ba ranar.

Da aka sauko idi, aka ji liman ya yanka nasa, maza suka shigo. Akwai Alhaji, dattijon maƙwabcinmu na gabas wanda ake tambaya hukuncin irin waɗannan abubuwa, da mutum biyu masu riƙe rago. An haƙa ramin jini, an kwantar da rago ya fuskanci alƙibla. Ni ina bayan zana ina leƙe. Inna ta tsaya fili, tsufa ya ba ta dama. Oga da Madam sun jingina a katanga, shi har da sabuwar hula, ya zo ganin aikin kayansa.

Alhaji ya karɓi wuƙar, ya juya wa ragon baya, don ba a gwada wuƙa dabba na kallo. Ya ɗora ta a farcensa. Ta zame. Ya dubi Malam.

"Malam, ka san hukuncin. In ka fara, ba ɗaga hannu sai ka yanke maƙogwaro da jijiyoyi biyu. In ka ɗaga ka tsaya nema, ragon ya zama mushe, sai karnuka. Wagga kuwa goga za ka yi ta yi, ka wahal da bawan Allah."

"Ara mini taka, Alhaji."

"Tawa ba ta zuwa aro sai da mai ita. In kana so in yanka maka, yanzun nan. Ba abin kunya ba ne."

Haka kowa yake da wuƙar yankansa, Malam ma ya sani. Na zaci Inna za ta yi masa dariya. Sai ta sassauta murya ta ce, "Ba shi ya yanka, ɗana. Allah bai ce dole sai kai ba."

Na san fuskar Malam. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya juyo wajen zana bai dube ni ba.

"Ke. Miƙo mini gwangwaninki."

Ina da wata sabuwa mai koriyar ƙota. Na durƙusa na goga ta a siminti, gaba da baya, na ba Inna ta kai. Oga ya ɗaga murya daga katanga.

"Haba, Malam! Wannan ta yanka albasa ce!"

"Yi shiru," in ji Madam. "Taka ta ƙusa ce."

Alhaji ya gwada ta a farce, ta kama. "Kaifi akwai," ya ce. "Ƙarfi ne ban sani ba. Kada ka danna, ja za ka yi. Kuma ka buɗe ido."

Malam ya durƙusa. Ya yi bisimilla da kabbara da wata murya da ban san yana da ita ba, har kajin Madam suka watse. Ya ja. Wuƙar ta shiga. Ana tsakiyar haka na ji ƙas, ƙotar ta tsage biyu a tafinsa, ɓari ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kusa da ƙafar Inna. Na rufe baki. Shi kuwa sai ya damƙe tsiraicin ƙarfen, ya ci gaba da ja har ya kai inda ake kaiwa.

Alhaji ya duƙa ya duba wuyan da kyau. Ya tambayi masu riƙo, "Ya ɗaga?"

Ɗaya ya ce, "Ƙota dai ta ɗaga, Alhaji. Ta ɗaga sosai."

"Hannu nake tambaya."

"Hannu bai ɗaga ba."

"Ƙota ba ta cikin hukunci. Rago ya halatta."

Malam ya miƙe tsaye, ya buɗe hannunsa ya duba. Ya tambayi Alhaji cikin ladabi, "Wannan duk na ragon ne?"

"Rabi da rabi."

Ya ce to. Ya zauna a ƙasa, daga nan ya kwanta. Madam ta zagayo da gudu da aidin da bandeji, tana faɗa da mijinta da yarensu tun daga ƙofa. Yankan ya ratsa tafin hannun dama, amma bai yi zurfi ba.

Don in yi wa kowa adalci, wuƙar Jamus ta yi aiki ranar. Da aka zo sara ƙashi, 'yan robata biyu suka tanƙware, ita kuwa ta riƙa raba ƙashin baya kamar rake, Oga na cewa, "Kun gani? Kun gani?" Bayan Salla aka wasa ta a ma'aikatar reluwe, ta shekara ba ta nemi dutse ba, kuma har yau ba ta yi tsatsa ba. 'Yan roba kuwa ban san iyakar waɗanda na jefar ba. Mun yi shekaru muna gardamar wadda ta fi, ni da shi. Yakan ce tawa ta yanke shi. Nakan ce ai dai ta yanka. Ba mu gama ba ya tafi.

Abin da na fi tunawa shi ne bayan azahar ɗin ranar. Na soya hanta, wadda ita maigida ke fara ci, na kai masa inuwa inda yake jingine, maza na gefe suna hira. Hannun dama na naɗe kamar dunƙulen fura. Ya duba hagu da dama, ya miƙa hannun hagu a hankali. Inna ta buge shi.

"Naman layya da hagu? A gidan wa?"

Ta jawo kwanon gabanta, ta zaɓi yanki mai laushi, ta hura, ta kai masa baki a gaban Alhaji da Oga da kowa.

"Inna, mutane na kallo."

"Su kalla. Buɗe baki, sarkin fawa."

Ya buɗe. Tana ba shi tana faɗa wa Alhaji, ba tare da ta dube shi ba, cewa in an samu mai zuwa Zurmi gobe a kai wa babban ɗanta cinya guda, a kuma gaya masa wanda ya yanka.