Bawa da Agogunansa Biyu

Duk wanda ya san Bawa a kasuwar Talatar Mafara ya san shi da agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, manya kamar murfin kwalbar man shafawa. Da su yake zuwa Juma'a, da su yake zuwa suna. Amma ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ɗaga kai ya dubi rana.

"To agogunan fa, Bawa?"

"Waɗanga ba su san lokacin mutanen tudu ba."

Ni na san inda ya samo su. Na yi wa Italiyawa tafinta lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori, shi kuwa ɗan masunta ne daga wata tunga ta wajen Maradun da ruwa ya cinye. Shekaru bayan haka aka kawo wasu Turawa masu nutso su duba ƙofofin ruwa, aka sake kirana fassara. Suka ga yadda Bawa ke shiga ruwa, suka koya masa nutso da tukunyar iska a baya. Da za su tafi suka bar masa kaya, har da agogunan nan, kowanne ƙirar wata ƙasa daban.

Ga aikinsu. Mai nutso in ya daɗe a zurfi, iskar da yake shaƙa takan jiƙe a jininsa. In ya taso da sauri sai ta yi kumfa, kamar ka buɗe kwalbar lemo da aka girgiza, ta shanye masa ƙafa ko ta kashe shi. Agogon ne ke lissafa masa inda zai tsaya a hanya da tsawon tsayuwar. Matsalar Bawa ita ce nasa ba su taɓa yarda da juna ba. Na dama yakan ce taso abinka, ka ɗan huta kusa da sama. Na hagu yakan tsayar da shi tun can ƙasa, ya sake tsayar da shi a gaba. Sai ya raɗa musu suna: na dama Dillali, na hagu Liman.

Kun tuna ranar da injin kwale-kwalen Alu na Bakura ya faɗa ruwa? Bawa ya sauka ya ɗaure shi, aka jawo inji, har an goge shi, Bawa bai fito ba. Kumfarsa kawai ke tasowa. Rana na dukanmu, Alu na jan igiya yana ihu kamar ana jinsa a ƙasa. Da ya fito, Alu ya ce, "Haba Bawa! Mi kaka yi can, aure?"

Ya tofar da ruwa ya ce, "Dillali ya sallame ni tun ɗazu. Liman na bai yi sallama ba. Kai kana hita salla kahin liman?"

Ya ɗora mini aiki kuma. Duk tafiyar da zan yi sai ya tare ni a tasha. "Alhaji, kai da ka jin bakin kowa, tambayo min wane na mai gaskiya cikinsu." Na tambaya a Fatakwal da Turanci, na tambaya a Bur Sudan da Larabci. A Jidda na samu wani likitan masu nutso, Bafaranshe, ya yi dariya ya ce a cikin agogunan babu wanda ke ganin jinin mutum. Ɗaya yana lissafin iskar da ta jiƙe a jiki ne, ɗayan yana tsoron ƙananan kumfa tun daga zurfi, kuma masanan kansu ba su gama gardama ba. Na dawo na kwashe duka na gaya wa Bawa.

Ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu. "Ashe bugun ƙasa na, da batir!"

"To sai ka bi Dillali ka huta."

"Aradu ba ni bin wanda bai taɓa ce min a'a ba."

Muka yi ta dariya. Mun ɗauka tsoro ne da taurin kai.

Wata shekara Liman ya mutu. Fuskarsa ta yi fari, ba ƙara, ba lamba. Bawa ya naɗe shi a tsumma ya ba ni kamar mai ba da jinjiri. Na kai shi Legas, na kai shi Jidda, kowa ya juya shi ya ce an daina yin irinsa. Na mayar masa da abinsa. Sai na sayo masa sabo, mai kyau, ina murna. Ya shiga ruwa da shi sau ɗaya, ya fito ya miƙo mini.

"Na gode, Alhaji. Amma dillalai biyu sun yi min yawa."

Daga ranar bai sake nutso ba. Masunta suka roƙa, ya ƙi. Na ji haushi ƙwarai. Na same shi a bakin dam yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na ce, "Bawa, sabon nan ya fi wancan. Wace irin gardama ce wannan?"

Ya ajiye komar. Sannan ya nuna wani wuri can tsakiyar ruwa.

"Ka ga can? Tungarmu ta. Duk aikin da ni yi, sai na biya ta nan in taso. Akwai tsamiya ƙohwar gidanmu, tana nan tsaye har yau, ba ganye. Inda Liman ka hwara tsai da ni, daidai reshen da muka hawa muna yara na. Nan nika riƙewa. Ƙasa gare ni ɗakin inna."

Na ce, "To ka tsaya mana, ko ba agogo. Wa ya hana ka?"

"Tsayawa ba ita ta wuya ba, Alhaji. Liman shi ka ce min ya isa, tashi. In babu shi, ban san wa ka tashe ni ba."

Na yi yawo ƙasashe ina tambayar masana da harsuna uku, ga mutumin kusa da ni, da Hausa, ban taɓa tambayarsa me yake gani a ƙasa ba. Babu ɗayanmu da ya tambaya.

Ya rasu a kan gadonsa, da agogo biyu a hannu, Dillali mai rai da Liman matacce. Allah ya jiƙan Bawa, ya haɗa shi da innarsa a inuwar da babu mai ce masa tashi.