Tokar Goggo

Ruwan gidanmu ba shi da hanyar kansa. Duk abin da muka zubar a tsakar gida, na wanke-wanke ko na wanki ko na alwala, rariya ɗaya yake bi a gindin katanga, ya faɗa bututun da ya ratsa ta ƙarƙashin gidan maƙwabcinmu, sannan ya fita lambatun bakin titi. Haka aka gina layinmu a unguwar Luggere, gida a bayan gida. Maƙwabcin tsohon malamin firamare ne daga wajen Numan, Kirista, Baba Tica muke ce masa. Tun kafin a haife ni ya yarje wa Babanmu a bi da bututun ta gidansa, ba takarda, ba shaida. Har an manta da akwai shi.

Sai shekarar da mutane suka gudo daga Mubi saboda hare-hare. Ina aji biyar a sakandare. Cikin mako guda gidanmu mai ɗaki uku ya cika da dangin da rabinsu ban taɓa gani ba. Bayan 'yan watanni suka watse, wasu suka nausa gaba, wasu suka koma da aka ce gari ya lafa. Goggo ce ta rage, yayar Babanmu. Ita ba ta da inda za ta koma. An ƙone ƙauyensu, mijinta bai fito ba, ba kuma wanda ya ga gawarsa. Baba ya ce nan ne gidanta har iyakar ranta. Ta ce to. Amma zaman da take yi na mai jiran mota ne, a gefen tabarma, ƙullin kayanta a ɗaure. Kowa a gidan ya san ƙiris take jira ta tashi, kowa kuma yana lallaɓawa kada ya zama sanadi.

Abu ɗaya ta yarda ta riƙe, shi ne wankin tukwane. Dada, mahaifiyata, ta hana ta, ta ce yaya za a yi yayar maigida ta duƙa gaban tukunya ga ƙatuwar budurwa a gida. Goggo ta ce idan aka hana ta, tuwon ba zai wuce mata a wuya ba. Aka bar ta. Ni kam daɗi na ji, don aikina ne ta ɗauke mini.

Ba ta taɓa sabulu. Toka take kwasowa a murhu, ta je inda ake wani gini a layinmu ta ƙullo yashi a bakin zaninta, ta haɗa, ta zauna a bakin rariya tana dirza da tafin hannu har gindin tukunya ya koma fari fat. Haka ta yi shekara arba'in a garinsu, a kan ƙasa, ƙasa ta shanye ruwan, yashi ya koma inda ya fito. Namu tsakar gidan siminti ne. Ga shi famfo ya daɗe da ƙafewa, wajen masu kura muke sayen ruwa jarka-jarka, ba mai zubar da bokiti guda don kawai ya kora datti. Ɗan ruwan ɗauraya ne ke tura tokar ciki, ta tafi kaɗan, ta zauna.

Da farko ruwan ya riƙa jinkiri. Daga baya ya tsaya cak. Kullum da safe kafin in tafi makaranta ni ce da doguwar waya a bakin rariya, ina zurawa ina zarewa, baƙin ruwa yana fantsamar mini a kayan makaranta. Aka ce leda ce, aka ce ƙwayar shinkafa ce. Ni na ga abin da ke maƙalowa a bakin wayar, na kuma gaya wa Dada a ɗaki. Ta ce in ja bakina in yi shiru, za ta san yadda za ta yi. Ba ta yi komai ba. Ta kasa.

Ranan nan matar Baba Tica ta shigo, suka gaisa da Dada har da tambayar jikin Goggo, sai da za ta tafi ta ce, a hankali kamar ita ce mai laifi, ruwa yana tsattsafowa ta gindin ɗakin kwanansu, fenti yana ɓarewa, katifa ta fara wari. Mako uku ke nan, ba su so su faɗa ba saboda sun ga muna da baƙuwa.

Baba ya kira filamba, mai gyaran famfo, ranar Asabar. Dole a gidan Baba Tica aka fasa, a tsakiyar simintin da ya yi da kuɗin sallamarsa. Muka tsaya duka muna kallo, har Goggo, daga bakin ƙofa. Mutumin ya yanke bututun ya ɗago shi da ƙyar. Cikinsa ya cushe da wani abu mai ruwan toka, ya daskare kamar bulo, sai da guduma. Gaɓar da ke kusa da ɗakin ta tsage, nan ruwan yake bi. Ya murza ɓarɓashin a yatsa, ya shinshina, ya tambaya wa ke wanke-wanke da toka da yashi a gidan nan.

Dada ta ce wataƙila ruwan sama ne ya koro yashi. Baba Tica, wanda ɗakinsa ne ya jiƙe, ya ce ai haka ne, damina ba ta da kirki. Muna tsakiyar rani. Ni ba ni da haƙuri, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma wata biyu ina zura hannu a ruwan nan. Na ga manya huɗu sun tsaya suna yi wa juna ƙarya da rana tsaka.

Na ce, "Goggo ce. Kullum sai ta yi. Goggo, nan fa ba ƙauye ba ne."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Na sani, 'yata. Da ƙauye ne ai da ba ki gan ni ba."

Ta juya ta koma gida. Baba bai mare ni ba, da ma ya mara. Baba Tica ne ya yi magana da irin Hausarsa, ya ce, "Yarinyan nan, bakinka ya fi ƙafanka sauri." Ya kuma hana Baba gyara simintin, ya ce da hannunsa zai liƙe.

Washegari Goggo ba ta taɓa tukunya ba. Tuwo ma loma biyu ta yi ta ture. Ni a wautata na ɗauka matsalar kayan aiki ce. Na sayo soson ƙarfe da garin sabulu na ajiye mata a gabanta, na ce wannan ba ya toshe komai. Ta ce an gode. Suna nan inda na ajiye har kwana uku, sai Dada ta ɗauke.

Matar Baba Tica ta fi ni hankali. Ta zo ta ce gindin mangwaronsu ƙasa ce, ba siminti, Goggo ta riƙa zuwa can da tukwanenta, ita ma ta samu abokiyar hira. Goggo ta je sau biyu. Amma sai ta fita titi da tukwane a ka ta zagaya, a ga yayar maigida tana kai wanke-wanke gidan da ta jiƙa wa ɗaki. A rana ta uku ta ce wa Baba ta ji labarin wasu mutanen garinsu sun samu aron gona a Namtari, can za ta. Baba ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah da iyayensu. Ta ce ba korar ta aka yi ba, kada ya sa wa ransa. Ta tafi ranar Talata ina makaranta.

Bayan sati biyu Baba ya ce tunda bakina ne ya kai ta, ƙafata ce za ta dawo da ita. Na shiga mota zuwa cikin garin Yola, daga can na hau wata. Na same ta a bayan wata bukkar zana, da wasu mata uku, ta rame, ta yi baƙi, tana zaune a ƙasa da tukunya tsakanin ƙafafunta. Na durƙusa na gaishe ta. Ban iya kwana-kwana ba, na ce na yi laifi, ta yafe mini, ta tashi mu tafi, Baba ba ya cin abinci. Ta ce ta yafe tun a ranar, kuma ai ba ƙarya na yi ba. Ta tambayi ɗakin Baba Tica, ko ya bushe. Na ce ya bushe. Ta ce alhamdu lillahi, wannan ne ke hana ta barci.

Na sake cewa mu tafi. Na ce an sa sabon bututu mai faɗi, na ce zan haƙa mata rami a bayan gida, na faɗi duk abin da ya zo bakina. Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗauraye tukunyar, ta watsa ruwan gefe, muka ga ya nutse.

Ta ce, "Ki gaida Babanki. Ki ce masa ya ci abinci. Ki ce nan ƙasar tana shan ruwa."

Ta ba ni gyaɗa a leda, ta raka ni har bakin hanya. Ni kaɗai na shiga motar. Shekara shida ta yi a Namtari, muna zuwa duk Sallah, Baba yana sake roƙo duk zuwa. Ko kwana ɗaya ba ta ƙara yi a gidanmu ba, can aka binne ta.