Ragon da Aka Yi wa Shimfiɗar Suruki

Zamanin Nasara na mulki aka kai ni lakkol, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi. Ba da son iyayena ba ne: an ce mai gari ya ba da yara, sunana ya faɗo ciki. Can muke zaune gidan wani ɗan'uwan babana, muna haddace kalmomin Faransanci, malaminmu, wanda muke kira mushe, na tsaye kanmu da tsumagiya. Sai damina ta kama ake sallamarmu mu koma gida hutu. Ƙauyenmu yana kusa da Kore Mairuwa, kuma mutum biyu nake ɗokin gani a can: kakata Dela, wadda ta haifi babana, da abokina Hammadi, ɗan Fulanin da ke zaune da shanunsu bayan gonarmu.

Kaka Dela 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ba ta taɓa kirana Shaibu ba, sai dai “maigida”, kuma kullum ƙorafinta ɗaya, wai ta auri miji marar kawo cefane. Da an gama cin tuwo takan hura wuta ƙarƙashin rumfarta, ta jefa ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ta jera masara gefen garwashi. Mu jikoki mu kewaye ta, 'ya'yan maƙwabta su cika sauran wurin. Har yau in na ji ƙanshin masara na gasuwa, ƙasa kuma a jiƙe, muryarta nake ji.

A hutuna na farko na dawo da gajeren wandon kaki, irin na 'yan lakkol, na ƙi rabuwa da shi ko wajen barci. Wata rana da hantsi muka tafi rijiya da Hammadi, ni bisa jakin babana. Na ce bari in nuna masa yadda kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ke zama kan doki. Na miƙe ƙirji, na dafe ƙugu, na shiga daka wa jaki tsawa da Faransanci. Jakin bai taɓa zuwa lakkol ba. Muna isa bakin rijiya ya kafe ƙafafu gaba ɗaya, na zame ta wuyansa na faɗa cikin taɓo, wani kututture ya kama wandon ya tsarge shi daga ƙugu har ƙasa.

Mata masu jan ruwa suka saki guga don dariya. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Hammadi, wanda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Daga baya ya tashi ya cire malfarsa, ya kare mini baya da ita, ya biyo ni dab da dab har ƙofar gidanmu, yana tafe yana shessheƙa. Ina shiga zaure na juyo na ce masa daga yau ba ni ba shi.

Da yamma ya zo wurin wuta kamar yadda ya saba, da 'yar ƙwaryar nono da innarsa ke aiko wa Kaka. Na juya masa ƙeya. Kaka ta dube ni, ta dube shi, ta juya masararta. Can ta gyara murya.

“Ku buɗe kunnuwa, ga wata nan tahe.”

“Ta shigo, mun share mata wuri,” muka amsa. Ni kaɗai na amsa ciki-ciki.

Ta ce an yi wani manomi, Namaiwa, mutum mai son girma. Rigarsa ta fita guda ɗaya ce, shuɗiya mai aiki a wuya, wadda ya sa ranar aurensa, kuma kowace Sallah ita yake sawa, har duk yankin an san ta. Wata shekara Sallar Layya ta faɗo cikin damina, ya ce da matarsa Tabawa su shirya, bana gidan iyayenta za su yi Sallah, kuma shi zai kai ragon yanka. Ragon kuwa na 'yarsu Kulu ne. Yana ɗan ƙarami kakarta ta wajen uwa ta ba ta shi, ta rene shi da dussa da ɓawon wake, tare suke kwana. Kulu ta yi kuka har muryarta ta dishe, uban ya ce magana ta ƙare. Suka kama hanya tare da abokinsa Gado, wanda ya ba da aron jakinsa don ɗaukar yara.

Suna cikin tafiya suka iske fadama ta cika da ruwa. Namaiwa ya tuɓe riga da wando da hula, ya rage daga shi sai bante, don ya ƙetare da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya duba inda zai ajiye kayan, ko'ina laka. Sai ya naɗe su ya ɗaura a ƙahon rago. Yana tsakiyar ruwa da Kulu a kafaɗa aka yi tsawa. Rago ya fizge igiya, ya faɗa ruwa, ya fita ta wancan gefe, ya miƙe da gudu hanyar gidan da aka haife shi.

Nan Kaka ta ajiye sandar juya wuta ta shiga kwatanta gudun da hannuwa biyu. “Shina gudu, ƙunshi na warwarewa. Riga ta zubo mishi bisa baya, kai ya hito ta wuyan riga, hula ta maƙale ga ƙaho. Wando kau, har yau ba a san inda ya kwana ba.”

Haka ragon ya shiga gidan surukai, cikin shuɗiyar rigar da kowa ya sani. Uwar Tabawa na ganinsa ta dafe ƙirji. Aka kira wata tsohuwa 'yar bori, ta zagaya shi ta dube shi, ta ce ai babu shakka, Doguwar da ke zaune a tsamiyar bakin fadama ce ta mayar da Namaiwa haka, wataƙila ya wuce bai yi sallama ba. Gida ya rikice da salati. Amma ko mutum ya zama rago, suruki suruki ne. Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka dama fura. Uwar Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Tsohon gidan, uban Tabawa, ya zo ya durƙusa nesa kaɗan.

“Sannu da hanya, Namaiwa. Ina gajiya?”

“Meee!”

“Na ce ina gajiya!” Tsoho ya ɗaga murya. Ya juya wajen matarsa ido ya cika da ƙwalla. “Allah sarki, har kunnen ta taɓa.”

Wurin wuta ya kaure da dariya. Ƙanwata ta faɗi bisa cinyar Kaka. Ni na cije leɓe, na ƙura wa garwashi ido, don na rantse ba zan yi ba.

Kaka ta mayar da mu bakin fadama. Ga Namaiwa tsaye da bante, gari na hango, gobe Sallah, kuma ba yadda za a yi mutum ya shiga gidan surukai haka. Ya ce shi ya gwammace ya koma gida, ko ya kwana cikin daji kura ta cinye shi. Gado kuwa tun da rago ya fita da gudu yake birgima a ciyawa. In ya ɗago ya dubi abokinsa sai dariyar ta dawo sabuwa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. “To wannan ai ba aboki ba ne.”

“Maigida ya yi magana,” in ji Kaka. “Ashe kana nan. Bari in ida, kana ka yanke mishi hukunci.”

Ta ce da Gado ya gaji da dariya sai ya tashi ya share hawaye, ya tuɓe rigarsa da wandonsa ya miƙa wa Namaiwa. Shi kuma ya karɓi wani jan zane na Tabawa ya ɗaura a ƙirji, ya naɗa kallabi, ya ce su ba shi rata. Ya shiga gari yana rangaji yana guɗa, ga gemu ga zane. Yara suka bi shi yuu, manya suka fito ƙofar gida suna tafi. Duk garin ya koma kallon Gado. Namaiwa ya bi ta bayan rumbuna da iyalinsa, cikin rigar da ba ta kai masa gwiwa ba, ba wanda ya ko waiwaye shi.

Yana sallama ya iske rago zaune kan tabarmarsa, sanye da rigarsa, baki duk fura. Uwar Tabawa ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, “To ni wane ne nawa?”

Da gari ya waye aka kawo wuƙa, tsoho ya ce shi kam ba ya iya yanka wanda ya durƙusa ya gaisar. Ba wanda ya yarda ya karɓi wuƙar. Aka nemo wani rago daga garke aka yi layya. Na Kulu ya koma gida tare da ita, ya rayu har ƙahonsa ya naɗe. Gado kuwa har ya tsufa “amarya” ake kiransa a garin nan, kuma bai taɓa faɗa wa kowa dalilin ɗaura zanen ba.

“Nan ta tsaya,” in ji Kaka. “Wanda bai yarda ba shi tahi shi tambayi ragon.”

Na ce, “Kaka, shi Namaiwa bai yi fushi da dariyar ba?”

“Ya yi mana. Fushi kamar shi fashe. Amma da rigar wa ya shiga gari?” Ta ciro masara ɗaya daga wuta, ta hure toka. “Af, maigida, na ji an ce yau ka dawo daga rijiya da rakiya. Wa ar rako ka?”

Ta miƙo mini masarar, ta ce ita ke nan ta rage, mu biyu ne kuma, ni da Hammadi, ba mu samu ba. Na karya ta, na miƙa rabi ta bayana ba tare da na juya ba. Na ji an karɓa. Can sai na ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa kusa da kunnena: “Meee.” Dariyar da na danne tun farkon tatsuniya ta fashe gaba ɗaya, har masara ta sarƙe ni, Kaka na bubbuga mini baya tana cewa kada in bar ta da takaba.

A lokacin na ɗauka tatsuniyar rago ce kawai. Sai da na manyanta na gane ta. Bayan Nasara sun tafi na yi shekaru ina aikin biro, wato ofis, a Dogon Dutsi, har wata shekara aka rage ma'aikata, na dawo ƙauye da mata da 'ya'ya, ba aiki, gonar babana kuma ta gaji. Kaka ta daɗe da rasuwa. Mutane suka yi ta zuwa yi mini jaje, fuska a murtuke kamar an yi mutuwa. Kowa ya ce Allah ya sauƙaƙe, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wasu ban sake ganinsu ba sai a kasuwa.

Hammadi ya iske ni a gona ina fama da hauya, tafin hannu duk ya yi bororo. Ya tsaya ya dogara da sandarsa yana kallona, sai ya fashe da dariya. “Shaibu, rubutu kake yi wa ƙasar? Ai ba ta iya karatu ba.” Ya karɓe hauyar ya nuna mini riƙo. Ranar bai koma ruga ba sai da rana ta faɗi, kuma haka ya yi ta zuwa har aka yi girbi. Da rani ya kawo shanunsa suka kwana a gonar har ta sha taki. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce shi kallo yake zuwa, wai bai taɓa ganin abin dariya irin noman ɗan lakkol ba. Ta haka ba wanda ya taɓa cewa taimakona ake yi.

Hammadi ya rasu bara waccan. Yanzu na tsufa, jikoki sun cika gidan, duk inda na bi sai a durƙusa a ce Baba. In na yi tuntuɓe a ruga a tare ni, in na faɗi shirme a sunkuyar da kai a yi shiru. Tun ranar da muka rufe shi ba wanda ya sake yi mini dariya. Kowa girmama ni yake yi, na kuwa gode, amma wallahi akwai kaɗaici a cikin girman nan.