Ranar da Surukata Ta Kai Ƙarar Ɗanta Saboda Jaki

Shekarar da wayar salula ta fara shigowa ƙauyenmu, can gefen Bunkure, tumatir ya yi kyau har ya fi ƙarfin masu ɗiba. Maigidana yana da jaki guda, shi ke kwaso kwanduna daga bakin kanal zuwa titi inda motoci ke lodi. Tun hantsi ake lafta masa kaya, sai la'asar ake sauke akumari. Da rani ya yi nisa, bayansa ya sale, ƙuda suka samu wurin zama.

Surukata, wadda duk muke kira Inna, ta yi wa ɗanta magana, ya ce to, bai fasa ba. Wata safiya sai ta yafa mayafi, ta kwance jakin, ta ce in biyo ta. Muka tsaya a ƙofar mai unguwa, aka aika aka kira maigidana daga gona.

"Inna, wa ke ƙara?" in ji mai unguwa.

"Ga shi nan tsaye," ta nuna jakin.

"Ai jaki ba ya ƙara, Inna. Dukiya ce, kamar garma."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin garma tana kuka da asuba? Ba shi da baki, shi ya sa na ara masa nawa."

Maigidana ya durƙusa yana gumi, ya ce da guminsa ya saye shi. Inna ta ce ita ma da wahalarta ta haife shi, amma ba ta taɓa ɗora masa kaya a kan ciwo ba. Dattawa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Liman, da ke zaune a gefe, ya ce gaskiya dabba tana da hakki a kan mai ita, kuma za a tambaye shi. Shi kuwa mai ƙarar ya juya yana cin zanar gidan mai unguwa.

Aka yanke cewa ba za a ɗora masa komai ba sai ya warke, bayan nan kuma duk Juma'a ranar hutunsa ce.

Maigidana ya koma ɗaukar kwando a ka. Duk wanda ya gamu da shi a kan hanya sai ya gaishe shi, sannan ya ce, "Yaya jikin mai gidan naka?" Da yamma ni ke gasa masa wuya da ruwan zafi, Inna kuma tana bakin turke tana shafa wa jakin man kaɗe.