Malam Labaran da Man Sheƙin Zane

Kullum da hantsi Malam Labaran yakan turo kekensa daga Tudun Wada zuwa ɗakin zane na kwalejinmu. Yakan fara yayyafa ruwa a ƙasa, sannan ya duba kwalabensa. A bakin kowace akwai ƙullin ƙaro a tsumma, yana narkewa a hankali cikin tafentin, man da ake tsinka fenti da shi. Wannan shi ne man sheƙi, shafi na ƙarshe da ke kare zanen fentin mai. Shekara shida yana haɗa mana shi, kafin nan ya yi ashirin yana aikin kafinta. Bana, 1958, zai ajiye aiki saboda ido.

Bara na zana kakata, Inna Ummuhani, tana kaɗi. Sati uku da gamawa Allah Ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai wannan zanen kawai ya rage mana. Ga baje kolin ɗalibai ya matso, ina so ya yi ƙyalli. Na kai wa Malam Labaran ya shafa masa man sheƙi.

Ya sunsuna zanen, ya danna gefensa da farce. Ya ce saman ne ya bushe, cikin ɗanye ne, sai bayan wata shida. Salmanu, ɗan ajinmu, ya yi dariya ya ce tsoho ya mai da fenti daddawa, sai ta kwana biyu. Shi Salmanu ya sayo man da kafintoci ke shafa wa ƙofa ya shafa, nasa zanen har yana ɗaukar ido.

Na ce a hankali, “Baba, ko a shafa mini irin nasa?”

“’Yata, na ƙofa ba ya fita. Nawa in ya tsufa jikokinki za su goge su sake, fuskar Inna na nan. Mako guda kike so ta yi kyau, ko ta daɗe?”

Haka aka rataye zanena dishi-dishi, ba wanda ya tsaya gabansa. Na ji haushinka, Baba, ban faɗa ba.

Kafin shekara ta zagayo na Salmanu ya ja launin zuma, ya tsattsage kamar busasshen tabki. Kai ne ka zauna kwana huɗu kana neman ceto shi, ba ka ce masa ai na faɗa maka ba. Da wata shidan ya cika, kai ne ka ƙi taɓa nawa ranar hadari, don danshi na sa man ya yi hazo. Da rana ta fito ka shafa siriri, sau ɗaya. Maƙi gaggawa, uban haƙuri.

Masu koyon zane, ku je ku zauna kusa da Malam Labaran tun yana nan. Na gode, Baba Labaran, Allah Ya saka da alheri. Ranar da na kai zanen gida, mahaifiyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa fuskar da ke ciki, “Sannu da aiki, Inna.”