Ogana a Bakin Titin Narayi

Gemuna ya riga ya fara fari lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a cocinmu da yamma. Malamarmu ta ce duk rubutun da muka gani mu karanta shi da ƙarfi, kada mu ji kunyar kowa. Sana'ata faci ce, a bakin titi wajen mahaɗar da ake shiga Narayi, don haka rubutu ba ya yanke mini. Bayan kowace mota akwai magana. Ina ɗaura taya ina haɗa baƙaƙe da baki, direbobin keke mai ƙafa uku suna yi mini dariya, ni kuma ko a jikina.

A farkon wata damina, bas ta sauke wani makaho a gaban rumfata. Kaftaninsa wankakke ne, an goge shi har da kari. Ya laluba da sanda har ya taɓa tsohuwar tayar tirela da nake ajiye wa masu jira, ya zauna a kai. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi.

Shi ne ogan sashenmu a masaƙa, can Kakuri, lokacin da masaƙu ke aiki. A sashen rini muke. Shi ya karɓe ni ina saurayi sabon zuwa daga ƙauye, ya koya mini aiki da faɗa da haƙuri. Idan ya ɗaga murya, har masu gadi a bakin ƙofa suna ji. A unguwar Trikania muke zaune dukanmu a lokacin. Da Sallah yana tara mu yaransa a gidansa mu ci nama, da Kirsimeti matata ta kai wa iyalinsa shinkafa, kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Daga baya masaƙa ta rufe, garin kuma ya rabu bayan rikice-rikicen da aka yi. Shi da iyalinsa suka ƙetare kogi kamar sauran Musulmi da yawa, mu Kiristoci muka taru a nan kudu. Tun daga nan ban sake jin labarinsa ba.

Na ajiye guduma na buɗe baki zan gaishe shi, sai na ga ya miƙa hannu wajen ƙarar takalmin wata mata, ya ce, "A taimaka, don Allah." Na haɗiye gaisuwata.

Bai iya bara ba. Ba ya waƙa, ba ya maimaita roƙo, hannun ma rabi yake buɗewa, kamar mai duba ko an fara yayyafi. Idan aka ba shi sai ya yi godiya doguwa har mai bayarwa ya yi nisa. Na tsaya ina kallonsa, na san abu ɗaya: mutumin nan ya yi shekaru yana jin muryata kowace safiya. Idan na yi magana zai gane ni, kuma zai san yaronsa ya ga hannunsa a buɗe.

Ranar da alamar hannu da kai na yi ciniki. Na ce a raina gobe ba zai dawo ba. Washegari bas ta sake sauke shi, ya nufi tayar nan kai tsaye. Inuwar rumfata ce kaɗai inuwa a wannan gefen titi.

Haka na koyi yin ciniki ba baki. Yakan zo da hantsi ya tafi kafin la'asar. A tsakanin nan, idan dole sai na yi magana, sai in tayar da injin iska, in ja mai mota bayan rumfa, in yi masa raɗa cikin ƙarar. Mama mai abinci, wata 'yar Binuwai da ke sayar da shinkafa da wake kusa da ni, ta ɗauka haƙori ke damuna, har ta kawo mini kanumfari.

Wata rana wani direban keke, mai yawan tsokana, ya kawo tayarsa ya yi ta jana da hira ina kaɗa kai.

"Baban faci, yau ba karatu? Ko an kore ka daga makaranta?"

Na nuna masa inda ƙusa ta shiga.

Ya juya wajen makahon ya ce, "Baba, kada ka damu da maƙwabcinka. Bebe ne. Yana ji sarai, magana ce ba ya yi."

Sauran direbobin suka fashe da dariya. Sai Oga ya buga sandarsa a ƙasa, ya yi magana da tsohuwar muryarsa ta masaƙa.

"Kai, yaro. Ba a yi wa mai lalura dariya. Ka san abin da zai same ka kafin dare?"

Dariyar ta tsaya. Direban ya sosa ƙeya ya ce, "Yi haƙuri, Baba," yana kallona yana danne dariya. Oga ya juyo wajen da yake jin motsina ya ce, "Sannu, Malam Bebe. Ashe mu biyu ne."

Daga ranar ƙofa ta rufe a kaina. Direbobi suka mai da abin wasa suka ci gaba da kirana Bebe, ni kuma ban iya warwarewa ba.

Kullum da rana ina yi wa Mama alama ta kai masa abinci. Ta gaya masa mai facin ne ke saya, ya karɓa ba gardama, ya sa mini albarka. Idan azahar ta yi sai ya nemi ruwa, in miƙa masa jarkar ruwan da nake gwada tiyub ɗin taya da shi, ya yi alwala, in kama kafaɗunsa in juya shi gabas. Duk lokacin da na taɓa shi ina tsoron ya gane ni, kamar hannu ma yana da murya.

Sannan ya fara yi mini hira. Ya ce, "Kai dai ba ka da bakin kai gulma, bari in sauke kayana a wurinka." Ya gaya mini yadda idon ya tafi a hankali, hagu sannan dama. Ya ce a gida sun san yana zuwa zaman shago ne wurin wani tsohon abokinsa. Ya ce 'yarsa tana aure a gidan mutunci wajen Unguwar Sanusi, idan surukai suka ji ubanta yana bara, ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan ba. Shi ya sa yake ƙetaro gada kowace safiya.

"A can kowa ya san ni," ya ce. "A nan kuwa waɗanda suka san ni sun watse, wasu sun koma ƙauye, wasu sun mutu. Nan ne kaɗai zan iya buɗe hannu."

Ina zaune kusa da shi ina goge tiyub da magagari, ban iya ko tari ba.

Har labarin masaƙa ya ba ni. Ya ce yana da yara a ƙarƙashinsa da ba sa motsi sai ya ce. Ya ambaci wasu, ya yi dariyar shirmensu. Na jira in ji ko zai zo kaina. Bai zo ba, kuma ban san ko daɗi na ji ko haushi ba.

Karatuna ya ja baya. Motoci suna wucewa da rubutunsu, ina bi da ido kawai, abin kuma ba ya zama a kaina in ban furta ba. Malama ta lura, ta tambaye ni ko lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa.

Matata kaɗai na gaya wa. Ta ce, "Ka ba shi abinci, ka bar shi da sirrinsa. Me maganarka za ta ƙara masa?" Na ce mata ƙarya nake yi wa mutumin da ya koya mini aiki, kullum, daga hantsi zuwa la'asar. Ta ce, "Ƙaryar da ke ciyar da mutum ba ta kai yunwa muni ba." Amma abin bai kwanta mini ba.

Kowa a garin nan yana da ra'ayi a kan masu bara. Direbobi suna cewa wasu sun fi mu arziki, suna da gidajen haya. Wani dattijon cocinmu yana cewa bayarwar ce ke ƙara yawansu, a daina kawai su koma gida. Mama tana cewa ita ba ta ba da kuɗi, amma ba ta hana mai yunwa ƙanzo. Duk na saurara, ban ji wanda ya yi magana a kan mai barar da ya taɓa zama oganka ba.

Lokacin da masara ta nuna, Malama ta kawo maganar a aji. Ta rubuta mana darasi a allo a kan taimakon mabukata, muka bi ta muna karantawa. Ta ce abin da ya fi yi wa mai bara ciwo ba rashin kuɗi ba ne, yadda mutane ke jefa masa abu su wuce ne kamar ba mutum ba. Ta ce mu tsaya, mu gaishe shi, mu tambayi lafiyarsa.

Na ɗaga hannu na ce, "Malama, in ka san shi tun da can fa?"

Ta ce, "Ai wannan ya fi sauƙi, Baba. Ka kira shi da sunansa. Ka nuna masa har yanzu shi ne."

Maganar ta shige ni. Mace ce mai hankali, kuma na yarda gaskiya ta faɗa a kan yawancin mutane. Na yi kwanaki ina juya ta. Na ce a raina wataƙila abin da yake bukata ke nan, wanda zai tuna masa cewa ya taɓa riƙe sashe guda. Kuma, ba zan ɓoye ba, na gaji da zama bebe a rumfata.

Na zaɓi ranar da babu direbobi. Mama ta kawo masa abinci, ya fara ci. Na kashe injin iska, na durƙusa a gabansa, na kira shi yadda muke kiransa a masaƙa, na ce, "Oga, ina wuni."

Cokalin ya tsaya a hanya.

"Wane ne?"

Na faɗi sunana, na ce sashen rini.

Ya mayar da shi cikin kwanon. Sannan ya ce, "Kai ne mai facin?"

"Ni ne, Oga."

"Kai ne Bebe."

"Ni ne."

"Tun yaushe ka gane ni?"

"Tun ranar da ka fara zuwa."

Ya laluba ya ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ya gyara hularsa, ya gyara zama, ya ɗaga kai kamar yana kan kujerarsa ta da.

"Na gaya maka maganar 'yata," ya ce.

"Ba wanda ya ji sai matata. Ba za ta faɗa ba."

"To. Yaya iyalin? Yaran sun girma ko?"

Na ce sun girma. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ya tuna har wanda aka haifa a Trikania. Ya ce in gaishe da matata, ya ce ba a manta shinkafarta ba. Na fara jin sanyi a raina, na ɗauka abin ya yi kyau. Sai ya kira Mama.

"Madam, zo ki karɓi kuɗin abincinki."

Ta ce, "Baba, ai an biya."

"Ki mayar masa. Ni zan biya nawa."

Ya zuba hannu a aljihu ya fito da abin da ya samu tun safe, ya miƙa mata ta ɗauki nata. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ranar bai ƙara buɗe hannu ga kowa ba. Ya zauna a miƙe har lokacin tafiyarsa ya yi, ya ce mini sai da safe, kamar an tashi daga aiki.

Washegari ya sa wani ya tsallakar da shi ɗaya gefen titin. Babu rumfa a can, babu itace, sai turken wuta da kwata. Bai san wata mahaɗa ba sai wannan, kuma kwandastan bas ɗin nan ne kaɗai ya saba da shi, don haka nan ya tsaya, a tsaye, yana fuskantar rumfata ba tare da ya gan ta ba.

Na tsallaka na same shi. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi aiki. Na ce ya dawo inuwa, tayar tana nan. Ya ce, "Na gode, nan ma lafiya lau." Duk tsawon tsayuwata hannunsa yana cikin aljihu. Mutane suna wucewa, wata mata ma ta rage tafiya tana neman inda za ta sa masa, bai fito da hannun ba. Na gane tsayuwata asara ce a gare shi, na koma.

Na gwada aika Mama da abinci ta ce wata mata ce ta biya. Ya tambaye ta wace mata, wane irin zane ta ɗaura. Mama ba ta iya ƙarya ba, kwanon ya dawo. Na roƙi direban nan mai tsokana ya riƙa sa masa wani abu a hannu in ya zo wucewa, ba magana. Wannan yana karɓa, don bai san daga ina ba. Sai dai direban ba kullum yake bin hanyar ba.

Matata ba ta ce mini "ai na gaya maka" ba. Malama kuma ban ba ta labarin ba, domin ban ga laifinta ba, kuma ban san abin da zan ce mata ya kamata a rubuta a allon ba.

Har yanzu yana zuwa. Kwanan baya hadari ya taso da rana tsaka, iska ta fara kwasar leda a titi. Na ga ya ɗaga fuska yana shaƙar iskar, ya matsa jikin turken. Na miƙe da buhun da nake rufe injin, na kai bakin kwalta na tsaya. Motoci suna ta wucewa tsakaninmu. Ruwan ya sauko, kaftanin ya manne masa a jiki. Sai wata mai ayaba, baƙuwa da ba ta san ko shi wane ne ba, ta ja hannunsa zuwa ƙarƙashin lemarta, ya bi ta. Na koma rumfa na rufe injin.