Kiɗan Tabare Uku

Hodi makanikin injin ban-ruwa ne a unguwar Badariya. Shekara ashirin da ɗoriya manoman shinkafa na fadamar Birnin Kebbi suna ɗauro masa injinansu a bayan babur, ya kwance, ya wanke, ya mayar. Mutum ne mai haƙuri da ƙarfe, marar yawan magana, kuma ba wanda ya san shi da kiɗa, don gidansu gidan karatu ne da noma. Sai dai in aiki ya yi masa daɗi yakan yi wani ɗan amo ta hanci, mai tafiya ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku. A bakin mahaifiyarsa Baiwa ya tsince shi, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta faɗi inda ta samo shi ba.

Wata ranar kasuwar Kamba ya je neman kayan gyara, sai ya hangi wani abu cikin tarkacen mai gwangwan: ɗan akwati mai kusurwa shida, tsakiyarsa fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙera, ga maɓallai a kowane gefe. Ya ja, abin ya yi nishi. Ya kawo shi gida, baduku ya like masa inda fatar ta yage, shi kuma ya zauna da ɗan tsinke yana kankare tsatsar harsunan ƙarfen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Jannatu ce ta raɗa wa abin suna Zugazugi, sunan kuwa ya bi shi.

Wata huɗu yana lalube kafin amon mahaifiyarsa ya fito daga maɓallan. Ranar da ya fito ne Hodi ya lura kiɗan bai cika ba. Yana tsayawa ne kamar mutumin da aka kira yana tsakiyar magana. Daga nan ya shiga cigiya.

Argungu ya fara nufa, garin dangin uwarsa, ya sauka gidan taubashinsa Dikko, dillalin albasa, mutum mai fara'a da yawan jama'a. Wani tsohon makaɗin masunta ya saurara ya ce ba nasu ba ne, kiɗansu ba ya tafiya da ƙafa uku. Wata mai sayar da busasshen kifi ta ce ta taɓa jin irinsa wajen lugude a Gulma tana yarinya. A Gulma aka kai shi wurin Riskuwa, tsoho mai kusan shekara casa'in wanda idanunsa suka rufe.

Hodi bai gama layin farko ba tsohon ya ɗaga hannu.

"Ɗan wa kake?"

"Ɗan Baiwa, Baba, ɗiyar Malam Abu ta Argungu."

"To, gidanku ka biyo. Wanga kiɗi ba na ƙasarmu ba ne."

Ya ce mahaifinsa mai gadi ne a wani kantin sayen fatu a Argungu zamanin Turawa. Akawun kantin yana da garmaho da faifai guda da yake so, kiɗan wata rawa da aka ce namiji da mace ke riƙe juna suna juyawa. Kullum da yamma sai ya sa shi. A bayan katangar kuwa uwar Riskuwa da maƙwabtanta biyu suna surfen shinkafa a turmi ɗaya, har tabarensu suka saba faɗuwa a kan kiɗan, ta farko da nauyi, biyun a hankali. Akawu ya tafi, garmaho ya tafi, kiɗa ya zauna a turmi. Ɗaya daga matan nan ita ce kakar Hodi.

Sannan tsohon ya rera shi duka, gaɓa biyu. Ta biyun tana hawa sama ta yi jim, kafin ta gangaro. Hodi ya naɗa a wayarsa.

A hanyar komawa ya sake yada zango gidan Dikko. Bayan la'asar suna zaure, yana fama da gaɓar farko, yatsunsa na tuntuɓe a wuri ɗaya, sai Dikko ya miƙo hannu.

"Bawana, kawo in ga abin da ya hana ka aikin mutane."

Dikko bai taɓa riƙe abin kiɗa ba. Ya ja, ya matsa, ya yi dariya, ya sake ja. Kafin a kira magariba ya fitar da gaɓar farko sumul, har da wani ɗan lanƙwasa da Hodi bai san Zugazugi na iya yi ba. Masu ɗaurin buhunan albasa suka bar aiki suka leƙo.

"Nan ya ƙare?" in ji Dikko.

Hodi ya dubi wayar da ke aljihunsa ta cikin riga. "Nan ya ƙare," ya ce.

Ba a yi wata biyu ba wani direban motar albasa ya sayo wa Dikko irin abin daga Kwatano. Wani ya ɗauki Dikko a waya yana kaɗawa a kan buhuna, hoton ya shiga hannun mutane. Manomi zai kawo wa Hodi inji, wayarsa ta yi ƙara, sai ga amon Baiwa yana fitowa daga aljihun baƙo.

"Ka san shi, Malam Hodi? Kiɗan Dikko Albasa ke nan. An ce ɗan'uwanku ne."

"Na san shi," Hodi zai ce, ya ɗaure noti har ya kusa cinye shi.

Ya daina zuwa Argungu. In Dikko ya kira, sai ya ce hannunsa da baƙin mai. Kullum tsakanin la'asar da magariba yana ɗaki da ƙofa a rufe yana koyon gaɓa ta biyu, a hankali don kada maƙwabta su ɗauka. Jannatu ta zuba masa ido har ta gaji.

"Baban Mubina, shi Dikko mi ya ɗauke maka?"

"Ni na yi yawon. Ni na sha ranar Gulma."

"Wa ya ce ba kai ba ne? Amma tsohon nan da ya ba ka, rufe ƙofa ya yi?"

Da damina labari ya zo Riskuwa ya rasu. Hodi ya je gaisuwa, ya yi kuka na gaskiya, amma a hanyar dawowa ya kama zuciyarsa tana lissafin cewa yanzu shi kaɗai ya rage da saura. Ya yi istigfari, tunanin bai tafi ba.

Ya ajiye ranar fito da abinsa: bikin Nazifa, 'yar Dikko, bayan girbi. Ranar, da aka ci abinci maza suka zauna a rumfa, Dikko ya ɗauko nasa ya kaɗa gaɓar farko. Hodi na jiran ya tsaya inda ya saba. Bai tsaya ba. Ya zarce cikin wata gaɓa ta biyu da ya ƙaga da kansa, mai sauri, mai daɗin tafi, kuma rabin rumfar suna binsa da baki, alamar sun daɗe da saninta.

Da aka miƙa wa Hodi fili, ya kaɗa ta gaskiyar, wadda ya yi wata takwas yana gogewa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wani dattijo ya sunkuyo cikin tausayi ya ce, "Farkon ya yi, Malam. Ƙarshen ne ka ɓace. Ka riƙa sauraren Dikko."

Hodi ya fito da waya ya kunna muryar Riskuwa. Hayaniya ta yi yawa, ba wanda ya kula sai Dikko, wanda ya karɓa ya kara a kunne ya ji har ƙarshe. Ya daɗe yana duban taubashinsa.

"Ashe da saura."

"Da saura."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Dikko bai yi faɗa ba, bai ma yi tsokanar da suka saba ba. Ya ce, "Na tsohon ya fi nawa." Ya sake ji sau ɗaya, ya ɗauki abin kiɗansa, ya kaɗa ta. Inda take hawa ta yi jim, rumfar ta yi tsit. Da ya gama ya tashi ya shaida wa jama'a cewa Hodi ne ya bi sawun kiɗan nan har Gulma, ba don shi ba da ya bi tsoho kabari. Aka yi ta sa wa Hodi albarka. Shi dai ya ce wa Jannatu daga baya, da Dikko zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Sun koma zumunci. Dikko kan aiko masa da albasa, shi kuma yakan duba masa injin gonarsa. A Argungu yanzu ana jin gaɓoɓin biyu, ta Dikko a wurin biki, ta Riskuwa in an natsu, duka kuwa da sunan Dikko ake kiransu. Hodi ya daina gyara wa mutane zancen.

Tun bara ya fara bin wata tsohuwar waƙar masu fito da jirgi da ya ji rabinta a bakin wani manomi. Sau uku ke nan yana zuwa ƙauyukan bakin gulbi saboda ita, kuma duk zuwan sai ya bi hanyar da ba ta ratsa kasuwar albasa ba.